Hankali ko Mariskai: Tushen Sanin Ɗan'adam da Matsayinsa a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai karin maganganu guda biyu da Bahaushe yake yawan faɗa, waɗanda idan aka jera su sai a ga kamar suna karo da juna. Na farko shi ne "gani ya kori ji", na biyu kuwa "hankali ke gani, ido gululu ne". Na farkon ya ɗora yaƙini a kan abin da ido ya shaida. Na biyun kuma ya ɗauki ido a matsayin dunƙulen abu kurum, wanda ba ya tsinana komai sai da jagorancin hankali. A kan irin wannan saɓani ne masana falsafa suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna muhawara: shin sanin ɗan'adam daga hankalinsa yake ɓuɓɓugowa, ko kuwa daga waje yake shigowa ta kafofin gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, wato mariskai biyar?

A wannan maƙala za mu kira masu ra'ayi na farko mazhabar hankali, masu ra'ayi na biyu kuma mazhabar mariskai. Maganarmu ta taƙaita ne a kan sanin da mutum yake samu da ƙoƙarinsa, ba mu taɓo ilimin wahayi ba, domin wannan yana da nasa fagen. Dalilin kawo batun cikin rahoton manhaja shi ne, duk wanda ya tsara abin da za a koyar ya riga ya amsa wannan tambaya, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ya fara darasin nahawu da ma'anar suna kafin ɗalibi ya ga misali ya zaɓi ɓangare. Haka shi ma wanda ya ce a yi ta maimaita jimloli har su zauna, ba tare da an taɓa tambayar ɗalibi abin da ya lura da shi ba.

2.0 Mafarin Muhawarar

Aflatun, masanin falsafa na Girka wanda ya rasu wajen shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ake ɗauka jagoran mazhabar hankali. A littafinsa mai suna Meno ya kawo malaminsa Sokratis yana yi wa wani yaro bawa tambayoyi. Yaron bai taɓa karatun lissafi ba. An nuna masa murabba'i mai ƙafa biyu a kowane gefe, wanda filinsa ƙafa huɗu ne, aka ce ya samo wanda filinsa zai ninka wannan. Da farko ya ce a ninka gefen ya zama huɗu, sai aka ga filin ya zama 16. Ya ce to a sa uku, aka sami 9. Da tambayoyi suka ci gaba, sai ya gano cewa layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne gefen murabba'in da ake nema. Aflatun ya kafa hujja da wannan cewa sanin yana nan kwance cikin ran yaron, tuno masa kawai aka yi. Malamin da ya daɗe a aji zai lura da abu biyu a nan: tambayoyin Sokratis suna jan yaron ne zuwa ga amsa, kuma ana yin su ne zanen yana gabansa yana kallo.

Almajirinsa Aristo ya saɓa masa. A wurinsa sani yana farawa ne daga riska. Abin da aka riska sai ya zauna a ƙwaƙwalwa, idan ya maimaitu ya zama gogewa, daga gogewa kuma hankali ya zaro hukunci gama-gari.

2.1 Gudummawar Malaman Musulunci

Littattafan koyarwa da yawa sukan tsallaka daga Girka zuwa Turai ta ƙarni na 17, kamar babu abin da ya faru a tsakani. Wannan giɓi ne babba, musamman ga malamin Hausa wanda yawancin ɗalibansa sun san sunayen waɗannan malamai tun daga makarantun ilimi.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce a ƙaddara an halicci mutum lokaci guda, cikakke, yana rataye a iska, idanunsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai. Shin zai san cewa shi yana nan? Ibn Sina ya ce zai sani, ko da bai san yana da jiki ba. Ke nan akwai sanin da bai biyo ta mariskai ba. Ibn al-Haisam kuwa, ɗan Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya bi hanyar gwaji. A littafinsa Kitab al-Manazir ya tabbatar da cewa haske ne yake shiga ido daga abin da ake kallo, ya kuma yi gwaje-gwaje da ɗaki mai duhu mai 'yar kafa. Abin lura shi ne, duk da tsayawarsa a kan gwaji, ya bayyana cewa haske da launi kaɗai ido yake karɓa. Gane nisa da girma da siffa hukunci ne da hankali yake yankewa cikin saurin da mai kallo ba ya ma lura.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin shakkar da ya shiga a littafinsa al-Munƙiz min al-Dalal. Ya fara da tuhumar ido. Inuwa ana ganinta a tsaye, amma bayan sa'a guda sai a tarar ta gusa. Tauraro ana ganinsa kamar dinari, amma lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Hankali ke nan ya ƙaryata ido. Sai ya sake tambaya: to shi hankalin, me ya hana a sami wani alƙali sama da shi da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa take ƙaryata mafarki? Ya ce bai fita daga wannan hali da jera hujjoji ba, sai da hasken da Allah ya jefa masa a zuci. Bayansa Ibn Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta ƙissar Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Ba shi da malami ba shi da harshe, amma ta hanyar lura da tunani ya kai ga sanin halitta da Mahalicci. An fassara ƙissar zuwa Latin a Ingila a 1671.

3.0 Turai a Ƙarni na 17 da na 18

A nan ne mazhabobin biyu suka ja daga sosai. René Descartes, Bafaranshe, a littafinsa na 1641 ya ɗauki kakin zuma sabon fitowa daga amya. Yana da ƙamshi da tauri da launi, idan aka ƙwanƙwasa shi yana ƙara. Da aka kusanta shi da wuta duk waɗannan suka sauya, ya narke ya zama ruwa-ruwa. Duk da haka kowa ya yarda kakin nan ne dai. Tunda babu ɗaya daga cikin siffofin da mariskai suka kawo da ta saura, in ji shi, hankali ne ya yanke cewa abu ɗaya ne.

John Locke na Ingila ya mayar da martani a littafinsa na 1690. Ya kamanta ƙwaƙwalwar jariri da farar takarda, abin da za mu iya kira wankakken allo. Hujjarsa ita ce, da a ce akwai ƙa'idojin da aka haifi kowa da su, da ƙananan yara sun san su, alhali ba su sani ba sai an koya musu. Ya ce kafofin sani biyu ne: riskar abubuwan waje, da kuma lura da ayyukan zuciyar mutum kansa, kamar tunani da shakka da nufi. Leibniz na Jamus ya rubuta masa raddi wanda ba a buga ba sai 1765. Ya kamanta hankali da dutsen sassaƙa mai jijiyoyi a ciki: siffar tana nan a ɓoye, aikin gogewa shi ne fito da ita. Ya kuma kawo hujjar da har yau take da nauyi, cewa misalai komai yawansu suna nuna abin da ya faru ne, ba sa nuna abin da ba makawa sai ya faru. Ko sau dubu mutum ya haɗa tsakuwa biyu da uku ya sami biyar, ba yawan ƙirgen ne ya tabbatar masa cewa gobe ba za a sami shida ba.

David Hume na Sikotlan ya bi mazhabar mariskai har inda ta tsaya, a littattafansa na 1739 da 1748. Ya ce ido yana ganin abu ya faru, wani ya biyo baya, amma bai taɓa ganin igiyar da ta ɗaure su ba. Abin da muke kira sababi sabo ne da zuciya ta yi saboda yawan maimaituwa. Shekara fiye da 600 kafin wannan, Gazali ya riga ya kawo misalin wuta da auduga a Tahafut al-Falasifa: abin da aka shaida shi ne ƙonewa tana faruwa yayin haɗuwarsu, ba a shaida cewa wutar ce ta aikata ba. Sun rabu a sakamako, domin Gazali ya mayar da aikin ga Allah, Hume kuwa ya tsaya a kan sabo.

Wannan matsaya ta Hume ce ta zaburar da Immanuel Kant, wanda ya fitar da babban littafinsa a 1781. Ya yarda cewa sani yana farawa ne da riska, amma bai yarda cewa dukkansa daga riska yake fitowa ba. Wuri da lokaci da sababi, a ganinsa, tsari ne na hankali wanda duk abin da ya shigo sai ya bi ta cikinsa. Ana iya kwatanta wannan da akwatin buga bulo. Yashi da siminti daga waje ake kawo su, siffar bulon kuwa ta akwatin ce, kuma akwatin da ba a zuba masa komai ba ba ya fitar da bulo.

4.0 Tambayar Makaho

Cikin dukkan wannan muhawara akwai tambaya ɗaya da aka sami damar gwadawa. A 1688 William Molyneux, wani masani ɗan Ailan, ya rubuta wa Locke wasiƙa. Ya ce a ƙaddara mutum an haife shi makaho, ya koyi bambanta ƙwallo da abu mai kusurwoyi ta hanyar shafawa. Idan idonsa ya buɗe, aka ajiye su a gabansa, zai iya faɗin wanne ne wanne kafin ya taɓa? Molyneux da Locke suka ce ba zai iya ba, domin bai taɓa haɗa abin da hannu ya ji da abin da ido ya gani ba. Leibniz ya ce zai iya, muddin an gaya masa cewa su ne abubuwan biyu, domin hankali zai gane ɗaya yana da kusurwa ɗaya ba shi da ita.

A 1728 likita William Cheselden ya ba da rahoton wani yaro da ya cire wa yanar ido a Ingila, wanda da farko ya kasa gane siffofin abubuwa da ido. Amma gwaji mai tsari bai samu ba sai a 2011, lokacin da Richard Held da Pawan Sinha da abokan aikinsu suka buga sakamakon binciken da suka yi a Indiya a kan yara biyar, 'yan shekara 8 zuwa 17, waɗanda aka haifa makafi aka yi musu aiki. Cikin kwana biyu da aikin, yaran sun iya daidaita abu da abu ta ido kaɗai, sun kuma iya ta hannu kaɗai. Amma da aka ba su abu suka shafa, aka ce su nuna shi da ido, amsarsu ba ta wuce canki-canki ba. Locke ya yi gaskiya ke nan. To amma bayan 'yan kwanaki kaɗan, ba tare da wani horo na musamman ba, sai suka fara dacewa sosai. Wannan sauri yana da wuyar bayani idan aka ce allon wankakke ne ƙal. Yara biyar ba su isa rufe muhawara ba, amma sakamakon ya nuna ƙwaƙwalwar da take a shirye, tana jiran abin da za a zuba mata.

5.0 Batun Koyon Harshe

A ƙarni na 20 muhawarar ta koma fagen da ya fi shafarmu. B. F. Skinner, Ba'amurke, ya fitar da littafi a 1957 yana cewa harshe ɗabi'a ce da ake samu ta kwaikwayo da maimaici da ƙarfafawa. A 1959 Noam Chomsky ya yi masa raddi mai zafi. Ya ce yaro yana furta jimlolin da bai taɓa ji ba, kuma abin da yake ji a gida bai kai ya bayyana ƙa'idojin da yake mallaka cikin 'yan shekaru ba, don haka lalle akwai wani shiri na harshe da aka haife shi da shi. Shekara guda kafin wannan raddi, Jean Berko ta nuna wa yara masu jin Ingilishi hotunan wasu halittu da ta ƙirƙira wa sunaye, ta nemi jam'insu, yaran kuma suka ba da jam'in bisa ƙa'ida duk da ba su taɓa jin kalmomin ba.

Hausa tana da shaidar wannan a fili. Lokacin da kalmar kwamfuta ta shigo, babu wata hukuma da ta zauna ta yanke jam'inta kafin mutane su fara cewa kwamfutoci. Sun bi sawun mota da motoci, har da sauya /t/ zuwa /c/ a gaban wasalin /i/, ƙa'idar da yawancin masu magana ba za su iya faɗa ba idan aka tambaye su. Ita ce kuma take aiki a "ya saci kuɗi" daga sata. Wannan aikin hankali ne a kan abin da kunne ya tara. Amma ga ɗaya gefen. Mafi yawan sunaye masu ƙarewa da wasalin /a/ jinsin mace ne, sai dai gida da ruwa da nama da suna duk jinsin namiji ne. Babu tunanin da zai kai mai koyo ga sanin haka, sai ya ji ana cewa "gidan nan" da "ruwa ya ƙare". Haka bambancin karin sauti tsakanin kuka na hawaye da kuka ta miya, wanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa.

Binciken Janet Werker da Richard Tees na 1984 a Kanada ya ƙara haske. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 daga gidajen masu Ingilishi sun iya bambanta wasu baƙaƙe na harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin ƙasar, waɗanda iyayensu ba sa iya bambantawa. Zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Ke nan jariri yana zuwa da kunne mai faɗi, harshen gida ne yake taƙaita shi. A 1996 kuma Jenny Saffran da abokan aikinta suka nuna cewa jarirai 'yan wata 8 suna iya tsinto iyakokin kalmomi daga magana mai gudana ta minti biyu kacal, ta lura da gaɓoɓin da suka fi yawan bin juna, abin da ya ƙarfafa masu cewa koyo daga ji ya fi ƙarfin yadda Chomsky ya ɗauka. Manhajojin kwamfuta masu rubuta harshe, irin su ChatGPT da ya fito a 2022, sun sake tayar da ƙurar. Suna tsara jimla daidai daga misalai kawai, amma rubutun da aka ciyar da su ya ninka abin da yaro yake ji sau da yawa ƙwarai, don haka kowane ɓangare yana ganin hujjarsa a ciki.

6.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

A ganinmu, manhajar mai koyon Hausa a matsayin harshen uwa da ta mai koyonta a matsayin harshe na biyu bai kamata su fara daga wuri ɗaya ba, kuma abin da ya gabata shi ne dalili. Ɗan Hausa yana shiga aji ɗaya na firamare da nahawunsa a ka. Ya san a ce "yarinya ta zo", ba ya cewa "ya zo". Abin da ya rasa shi ne sunayen ƙa'idojin da kuma lura da su. Malamin da ya rubuta masa tasha da tashoshi, lamba da lambobi, taga da tagogi a allo, ya ce ya faɗi abin da ya gani yana maimaituwa, ya yi aikin Sokratis, kuma a nan hanyar ta dace domin da gaske sanin yana ciki. Haddar ma'anar jam'i kafin wannan ba ta ƙara wa yaron komai sai abin da zai zuba a takardar jarrabawa.

Ɗalibin Aba ko Ibadan kuwa ba shi da abin da za a tuno masa. Kunnensa ya daɗe da rufewa ga bambancin /k/ da /ƙ/, da /d/ da /ɗ/, don haka baki da baƙi, ko fada da faɗa, suna iya zo masa a matsayin kalma ɗaya. Bayanin yadda maƙogwaro yake aiki wajen furta /ƙ/ yana da amfani ga malami, amma ɗalibi yana buƙatar ya ji kalmomin bibbiyu sau da yawa daga bakuna daban-daban, kafin a nemi ya furta, kafin kuma a nemi ya rubuta ƙugiya. Manhajar da ta ba shi jadawalin baƙaƙe a makon farko, ta wuce zuwa rabe-raben kalmomi a na biyu, ta ɗauke shi tamkar ɗan Kano. Inda akwai unguwar Hausawa kusa, kamar Sabo a Ibadan, ziyarar kasuwa da aka tsara da kyau darasi ce cikakkiya, kuma ya kamata a ba ta gurbi a jadawali maimakon a bar ta ga himmar malami.

Akwai kuma wata kafa ta uku da muhawarar Turai ba ta ba muhimmanci sosai ba. Malaman tauhidi, irin su Nasafi wanda ya rasu a 1142, sun lissafa hanyoyin sani uku: lafiyayyun mariskai, da hankali, da labari na gaskiya. Idan aka duba da kyau, "ji" ɗin da gani ya kora a karin maganar nan labari ne, wato abin da wani ya faɗa. Kalmar ji a Hausa tana da faɗi ainun, domin da ita ake jin ƙara da wari da zaƙi da sanyi, da ita kuma ake jin Hausa, wato fahimtarta. Mafi yawan abin da ɗalibi yake samu a darasin al'ada da na tarihin adabi ta wannan kafa ta uku yake zuwa. Bai ga karofi ba, bai shiga maƙera ba, an dai gaya masa. Ba za a iya kai kowane aji marinar Ƙofar Mata ba, amma ana iya kawo baba da zane rinanne cikin aji, ana kuma iya koya wa ɗaliban babbar sakandare su tambayi wane ne ya faɗi abu, yaushe, kuma shi ta yaya ya sani. Muna ba da shawarar a sanya wannan cikin manufofin darasin adabin baka, inda ruwayoyi biyu na tarihin gari ɗaya sukan saɓa, a kuma ware masa maki a jarrabawa.